Tarihin ɗakin ƙarƙashin rufi a birnin Pari

Ɗan'uwa mai karatu, ka san yadda ake yi in gida ya cika. Yaro ya girma, za a yi mashi aure. Ko ƙane ya dawo daga bida, shi da iyalinshi. A ƙauye abin da sauƙi. A kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a tada ɗaki a gefen gida, a matsa da danga gaba kaɗan. Fili na nan. To, in babu fili fa? Gabas maƙwabci, yamma maƙwabci, gaba hanya, baya kuma gidan wani. Ina za a sa sabon ɗaki?

Mutanen Pari, babban birnin ƙasar Faransa, sun daɗe da gamuwa da wagga matsala. Da ƙasa ta ƙare masu, sai sunka ɗaga kai sama, sunka shiga ƙarƙashin rufi. Yau za mu ba ka tarihin wanga ɗaki, tun shina ma'ajiyar hatsi har ya zama wurin kwanan mutane. Labari ne na shekara fiye da 400. Ka bi shi a hankali, ka ga wanda ya ci ribar ɗakin da wanda ya sha wuyarshi.

Rumbu bisa gida

Da farko sai ka san yadda rufinsu shike. Rufin soronmu shimfiɗe ne: azara, zana ko kara, a bi da ƙasa, a sa indararo. Daminarmu wata uku ce ko huɗu, ta wuce. A Faransa kuwa ruwa na zuba kowane lokaci na shekara. Da ɗari ƙanƙara na sauka, fara kamar kaɗa, ta taru bisa gida da nauyi. Don haka rufinsu mai tsini ne, da gangare hagu da dama, kusan kamar jinkar ɗakin ciyawa, don ruwa da ƙanƙara su zurare ƙasa.

Tsakanin wanga rufi da saman ɗaki na ƙarshe akwai wani sarari da ya rage. A tsakiya shina da tsawo, mutum na iya tsayuwa. Gefe da gefe sai da duƙawa, can ƙarshe sai da rarrafe. Faransawa na kiran wurin garaniye. Kalmar daga sunan ƙwayar hatsi ta fito, ma'anarta rumbu. Mu muna gina rumbu a ƙasa, su nasu bisa kansu shike. Nan suke ajiye alkama, da harawar dawaki, da itacen wuta, da tsofaffin kaya. Da igiya suke jawo buhu daga bakin hanya har sama, kamar yadda ake jawo guga daga rijiya. Har yau akwai tsofaffin gidaje a Pari da ake ganin wurin rataya igiyar a bakin tagar rufi.

A zamanin da, Pari birni ne mai ganuwa, kamar Birnin Damagaram. Kowa na son zama daga ciki, kusa da kasuwa da fada da kogin Sen. Da ciki ya cika, sai anka dinga ɗora ɗaki bisa ɗaki, gida ya zama hawa huɗu, hawa biyar. Wanda bai da kuɗin hayar ɗakin ƙwarai sai shi hau can sama, shi shimfiɗa ciyawa kusa da buhuna, shi kwana. Haka mutum ya fara zama a rumbu, ba tare da an shirya wurin dominshi ba.

Maginin da anka sa ma ɗakin sunanshi

Damuwar wurin ita ce gangaren rufi, mai cinye rabin sarari. Magina sunka yi tunani, sunka samo dabara: a karya gangaren biyu. Na ƙasa a tsaida shi kusan miƙe kamar bango, a huda mashi tagogi. Na sama a kwantar da shi kaɗan, daidai yadda ruwa zai gudu. In an yi haka, mutum na iya tsayuwa har kusa da gefe, a sa gado, a sa tebur.

Wajen shekarar 1550 wani magini mai suna Piyer Lesko ya yi irin wanga rufi a fadar sarki da ake kira Lubur. Amma wanda ya yaɗa dabarar shi ne Faransuwa Mansar, wanda anka haifa a 1598, ya rasu a 1666. Ya gina ma manyan ƙasa gidaje da yawa da wanga rufi. Bayanshi wani jikan gidansu, Jul Arduwan Mansar, ya zama babban maginin sarki Luwi na 14 a fadar Bersay, shi ma ya ci gaba da shi. Daga sunan gidansu ne ake ce ma ɗakin ƙarƙashin rufi mansard, har yau.

Doka ita ma ta taimaka, ko da shike ba nufinta ke nan ba. Hanyoyin Pari na da ƙunci a lokacin, dogayen gidaje sun tare rana da iska, in gobara ta tashi kuma sai ta ci unguwa. A 1783 da 1784 sarki ya kafa doka: tsawon gida sai shi bi faɗin hanyar da shike bakinta, kuma kada shi wuce metir 17 da rabi. To amma daga ƙasa zuwa kan bango ake awo. Rufi na da tashi iyaka dabam. Masu gidaje sunka ga ƙofa. Sai su tsaida bango inda doka ta ce, su ɗora rufin Mansar, su samu ƙarin hawa guda a cikinshi, su sa ƴan haya.

Perefe Osman ya sake birni

A 1801 mutanen Pari sun ɗara 500.000 kaɗan. A 1846 sun wuce miliyan ɗaya. Talakawan karkara ne ke kwararowa neman aiki. Tsofaffin unguwanni sunka cika maƙil, ruwan sha ba tsabta, ƙazanta na gudu tsakiyar hanya. A 1832 annobar amai da zawo, wato kwalera, ta kashe mutum wajen 18.000 a birnin.

A 1853 sarki Napoliyon na 3 ya naɗa wani mutum perefen yankin Pari. Sunanshi Haussmann, ana faɗin shi Osman. Ya riƙe aikin har 1870. Ya rushe dubban tsofaffin gidaje, ya fasa manyan hanyoyi miƙaƙƙu, ya jawo ruwan sha daga nesa, ya gina magudanan ƙazanta ƙarƙashin ƙasa. A bakin sababbin hanyoyi anka jera gidajen dutse, tsawonsu ɗaya, kamarsu ɗaya, galibi hawa shida ban da na ƙasa.

Wani ƙarfe ne ya sauƙaƙa rufin waɗanga gidaje. Sunanshi tutiya. Ka san ta ko ba ka san sunanta ba: ita ake shafa ma tol, wato kwanon rufi, don kada shi yi tsatsa. A farkon shekarun 1800 wani mutumin birnin Liyej, a ƙasar Beljik ta yau, mai suna Doni, ya gano hanyar narkar da ita da yawa. A 1837 anka kafa babban kamfani mai yin fallayenta. Kafin nan da jan falle na gasasshiyar ƙasa ko baƙin dutse mai laɓa-laɓa ake rufi, su kuwa da nauyi, sai da manyan itatuwa masu cinye wuri. Tutiya ba ta da nauyi, ga araha, ana yanka ta a lanƙwasa yadda ake so. Itatuwan rufi sunka ragu, sarari ya ƙaru. Shi ya sa in ka hangi Pari daga sama za ka ga rufinta ruwan toka. Fiye da kashi biyu cikin uku na rufin birnin tutiya ne.

A gidan zamanin Osman, hawan da mutum ke kwana shi ke nuna arzikinshi. A ƙasa kantuna. A hawa na 2 attajirai, ɗakuna masu faɗi da dogayen tagogi. A na 3 da na 4 masu rufin asiri. A na 5 ƙananan ma'aikata. Dalili a fili shike: da ƙafa ake hawa, mai kuɗi kuwa ba shi son wahalar matakala. Saura hawa na 6, can ƙarƙashin tutiya. Wa za a ba?

Ɗakin ƴar aiki

Sai anka ba barori. Kowane gidan mai hali na da ƴar aiki, wadda suke kira bon. Ita ke dafuwa, da wanki, da shara, da renon yara. Yawancinsu ƴanmatan karkara ne, ɗiyan manoma. Da yawa daga yankin Biretanyi suke, can yammacin Faransa bakin teku, inda talauci ya yi yawa a lokacin. Jirgin ƙasa ke kawo su, su sauka tashar Mamparnas da ɗan ƙunshin kayansu. Wasu ko faransanci ba su ji sosai, don yankinsu na da nashi harshe.

Tun wajen 1830 masu gida sunka fara raba wurin kwanansu da na barori. Sai anka yayyanka hawa na 6 ƙanana-ƙanana, anka jera ƙofofi a wani dogon lungu, anka sa ma kowace lamba. Ɗaki ɗaya bai wuce gado da kujera da ɗan wurin juyawa ba. Haske daga wata ƴar taga a rufi shike shigowa. Famfo ɗaya a lungu don kowa da kowa, makewayi ma ɗaya. Da yawa ba su da murhun jin ɗumi. Ƴar aiki ba ta bin babbar matakala mai shimfiɗa. Tata na bayan gida, ƙunci gare ta da duhu, taki fiye da 100. Ta sauko tun asuba, ba ta komawa sai masu gida sun kwanta.

Ka tuna tutiya ƙarfe ce, ba ta da kauri. Da ɗari sanyi na ratsa ta, har ruwa shi daskare cikin buta. Da zafi kuma ɗakin shi zama tanda. Likitocin ƙarshen shekarun 1800 sun yi ta kuka bisa waɗanga ɗakuna, don tarin fuka ya samu wurin zama a cikinsu. Yarinya ta kamu a sama, ta sauko da shi ɗakin dafuwa, ta raba ma ɗiyan mai gida. In ta kwanta ciwo kuma, babu mai ji, don uwar gida ba ta hawa can. Mai gini ya samu ƙarin hawa, mai gida ya samu wurin ajiye baranya, ita kuwa ta biya da lafiyarta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo. A nan, mai gida bai taɓa kwana a ɗakin ba, balle shi sani.

Ban da barori, ɗalibai da masu zane da marubuta marasa kuɗi su ma sun zauna ƙarƙashin rufi. Wasu daga baya sun yi suna, har anka dinga ba da labarin ɗakin kamar wurin daɗi ne. Ƴan aiki da sunka kwana ciki shekara da shekaru ba su da yawa cikin masu faɗin haka.

Abu uku da sunka ɗaga darajar sama

Na farko shi ne asansar, wani ɗan ɗaki mai hawa da sauka da mutane cikin gida. A 1854 Elisha Otis ya nuna ma jama'a a birnin Niyok na Amurka irin wanda ba shi faɗuwa ko igiya ta tsinke. A 1867 wani Bafaranshe, Leyon Edu, ya nuna nashi a babbar kasuwar baje koli ta Pari, shi ne ma ya raɗa mashi suna asansar. Sannu a hankali ya shiga gidaje. Da wahalar matakala ta kau, sai masu kuɗi sunka gane sama ta fi haske, ta fi iska, ƙarar hanya ba ta kaiwa can. Abin ya juya: hawan da anka raina ya fara tsada.

Na biyu taga ce. A 1941 wani injiniya ɗan ƙasar Danmak, Bilum Kan Rasmusen, ya kafa kamfani, a 1942 ya fito da taga wadda ake kwantarwa cikin gangaren rufi. Tana buɗewa, tana rufewa, ruwa ba shi shiga. Sunanta Velux. An fara sa ta a makarantu, don a maida saman gini ajin karatu. Da ita, wurin da ke da duhu ya samu hasken rana ba tare da an rushe rufi ba.

Na uku shi ne abin tare sanyi. A 1973 kuɗin man fetur ya tashi ƙwarai a duniya, ɗumama gida ya zama da tsada. A 1974 gwamnatin Faransa ta kafa dokarta ta farko wadda ta tilasta a tare sanyi a sababbin gidaje. An auna an ga gidan da ba a gyara ba, kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ɗuminshi ta rufi shike gudu. Sai anka dinga shimfiɗa wani abu mai kama da kaɗa, wanda ake yi da narkakken gilashi, tsakanin rufi da ɗaki.

Daga nan gyaran garaniye ya zama sana'a. Iyali in sun ƙaru, maimakon su sayi wani gida, sai su kira magini. Aikin na da tsari. Da farko a duba itatuwan daɓe, don an sa su ne su ɗauki tsofaffin kaya, ba gadaje da mutane ba. In ba su da ƙarfi a ƙara masu. A auna tsawo, a ga inda mutum ke iya tsayuwa. A shimfiɗa abin tare sanyi mai kauri, a bar ɗan sarari tsakaninshi da rufi don iska ta ratsa, kada itace shi ruɓe. A huda taga, a kafa matakala ta ƙwarai, a jawo ruwa da wutar lantarki. Kafin a taɓa rufi sai an nemi izini a ofishin magajin gari. Wanda ya bi wanga tsari ya samu ɗaki mai kyau. Amma aikin na son kuɗi, kuma mai kwana a gidanshi ne ke kashe su. Mai ba da haya sau da yawa sai shi shafa farar ƙasa kawai, shi sa kwado.

Sababbin baƙi, tsohon ɗaki

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, ƴanmatan Faransa sunka rage aikin gidan wani. Sunka koma masana'antu da kantuna da ofisoshi. A shekarun 1960 matan Sifen da na Fotugal sunka maye gurbinsu. Bayansu ɗakunan hawa na 6 sunka koma hannun ɗalibai, da tsofaffi masu ƙaramin fansho, da baƙi masu neman aiki daga Afirka ta Arewa da Afirka ta Yamma. In kana da ɗan'uwa da ya yi karatu ko aiki a Pari, ka tambaye shi. Da wuya a ce bai taɓa hawa irin wagga matakala ba.

Gwamnati ta daɗe kafin ta ja layi. A 1996 anka yi doka cewa in za a saida ɗaki a irin waɗanga gidaje, duk inda tsawonshi bai kai metir 1 da santimetir 80 ba, ba a lissafa shi cikin faɗin ɗaki. A ranar 30 ga Janairu 2002 anka yi wata dokar bisa haya. Ta ce babban ɗakin da za a ba mutum haya sai faɗinshi ya kai murabba'in metir 9, wato kamar metir 3 nan, metir 3 nan, tsawonshi kuma metir 2 da santimetir 20. In ba haka ba, to sararin cikinshi duka shi kai metir 20 na awon ciki. Sai da taga, da ruwan sha, da hanyar ɗumama ɗaki.

Kafa doka dabam, bin ta dabam. A 2013 jaridu sunka ba da labarin wani mutum a Pari wanda ya shekara 15 a wani ɗaki ƙarƙashin rufi. Da anka auna inda shike iya tsayuwa, murabba'in metir ɗaya da rabi ne da ɗan kai, kamar faɗin tabarma guda. Kowane wata shina biyan yuro 330, wato jika 216 na kuɗinmu. Maganar ta kai gaban alƙali, anka ba shi gaskiya. A 2015 ma'aikatar tsara birnin Pari ta ƙidaya ɗakunan barori na da, ta samu 114.400. Kashi 85 cikin 100 babu mai kwana cikinsu, fiye da rabi kuma ba su kai awon da doka ta sa ba. Ga ɗakuna a rufe, ga mutane na neman wurin kwana.

Zafin shekarar 2003

Duk dabarun da anka yi, sanyi anka yi ma su. Ba a kula da zafi ba, don ƙasar ba ta saba da shi ba. A watan Agusta na 2003 zafi ya sauka a Faransa, ya yi wajen sati biyu bai ɗaga ba. A Pari ya kai kusan digiri 40 da rana. Cikin kwana 20 mutum wajen 15.000 sunka mutu a ƙasar, ƙari bisa waɗanda ke mutuwa a irin wanga lokaci. Yawancinsu tsofaffi ne.

Za ka ce: mu da muke ganin 45 da bazara, mi ya sa 40 ta kashe su haka? Ga dalili. Gidajensu an gina su ne don su riƙe ɗumi. Tutiya in rana ta duka ta, zafinta na kai digiri 70, har shi wuce, ɗakin da ke ƙarƙashinta kuma shi tara zafin. Da dare gari bai huce ba: a ranakun 11 da 12 ga watan zafi bai sauka ƙasa da digiri 25 ba har asuba. Kai in ɗaki ya yi zafi sai ka ja tabarma tsakar gida. Tsohuwa mai shekara 80 a hawa na 6 ba ta da tsakar gida, ƙafafunta ba su iya taki 100. Taga ɗaya gare ta, iska ba ta da inda za ta shiga ta fita. Kuma Agusta watan hutu ne, maƙwabta da dangi da likitoci da yawa sun bar gari.

Bayan abin ya wuce, ma'aikatar kula da lafiyar jama'a ta binciki yadda tsofaffin da sunka mutu a gidajensu ke zaune. Ta gano cewa wanda ɗakin kwananshi ke ƙarƙashin rufi, haɗarin mutuwarshi ya ninka na sauran wajen sau 4. Akwai gawarwakin da babu wanda ya zo nema. A ranar 3 ga Satumba 2003 anka rufe 57 daga cikinsu a maƙabartar Tiye, kusa da Pari, shugaban ƙasa na lokacin, Jak Shirak, shina tsaye.

A 2004 gwamnati ta fito da tsarin yaƙi da zafi. Kowane ofishin magajin gari na riƙe da littafin sunayen tsofaffi da naƙasassu masu zama su kaɗai, waɗanda sunka yarda a rubuta su. In zafi ya tashi, a kira su, a tambayi lafiyarsu. Zafin kuwa bai daina dawowa ba. A ranar 25 ga Yuli 2019 ya kai digiri 42,6 a Pari.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu rufin tutiya na Pari cikin gadon ɗan Adam da ya kamata a adana. Masu sana'ar sun yi murna, kuma sun cancanta, don aiki ne na gwaninta da haɗari. Amma gardama na nan. Wasu na son rufin birni shi tsaya yadda kakanni sunka bar shi. Masu kwana ƙarƙashinshi na son a ƙara kaurin abin tare zafi, a sa ma tagogi marufi daga waje, a yi ma tutiya inuwa ko a shafa mata fari.

Abin da za ka riƙe

Ɗan'uwa, Pari na da nisa, amma kwana ƙarƙashin ƙarfe ba baƙon abu ba ne gare ka. Azara ta yi tsada, giginya ta ragu, tol ya shiga ƙauyuka. Shina da sauƙin ɗorawa, ba shi son yaɓe kowace shekara. Sai dai abin da tutiya ta yi ma ƴar aikin Biretanyi, shi tol ke yi ma wanda ke ƙarƙashinshi: zafi da bazara, sanyi da hunturu. Rufin ƙasa kauri gare shi, shi ya sa soro ke da sanyi da rana.

In za ka ƙara ɗaki, a gefe ne ko bisa soro, ka tuna da abin da ya ɗauki mutanen Pari shekara 400 kafin su koya. Ka duba ko bango da azarar ƙasa za su ɗauki nauyin sama, ka tambayi magini wanda ya san aikin. Ka ɗaga bango, kada rufi shi zauna bisa kan mutum. In tol ne, ka ɗaura zana ko kara daga ƙarƙashi, ka bar sarari tsakani. Ka huda taga biyu masu kallon juna, don iska ta shiga nan ta fita can.

Sa'an nan ka duba wa za ka ba ɗakin. Sau da yawa ɗakin da ya fi muni shi ake ba wanda ba shi iya yin ƙara: tsohuwa, ko baƙo, ko yarinya mai aiki, ko ɗan haya. Kafin ka miƙa ma wani mabuɗi, ka shiga da kanka da tsakar ranar bazara, ka ja ƙofa, ka kwanta daga azahar zuwa la'asar. In ka iya, to ɗaki ya yi. In ba ka iya ba, da sauran aiki.